Ɗauko Gwaggo a Motar da Cikinta ke Jan Ƙasa

Muna idar da sallar asuba muka bar Tasawa, ni da matata da ƙanina wanda ke tuƙi. Tun ana gobe za mu tafi, da hantsi, aka kira ni cewa Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu wadda ta riƙe mu bayan rasuwar innarmu, ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya karye. Ƙauyensu yana can bayan Kanambakashe, cikin rairayi. Ba ta iya zama, balle a ɗora ta bisa babur, amalanke kuwa zai gama da ita kafin a kai titi. Motar da muke da ita a hannu ɗaya ce, kuma ita ce mai gado a ciki.

Tsohuwar mota ce irin wadda Turawa masu yawon buɗe ido ke kwana a ciki zamanin da suke bi ta nan zuwa arewa. Injinta a baya yake, tana da ƴar kwaba da gado mai naɗewa. Ƙanina ya same ta a wani garaji kaji na ƙwai a cikinta, ya yi shekaru yana gyara. Da ya ga hotunan irinta a waya, sai ya sa aka sauke ƙafafunta har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, ya yi mata fenti ruwan ƙwai da fari, ya sa mata ƴan siraran tayoyi. A cikin gari ana tsayawa a kalle ta. A hanyar ƙauye kuwa ba a taɓa gwada ta ba.

Saboda haka ranar da aka kira ni muka wuni wajen mai sayar da tayoyi. Ɗaga motar ta koma yadda take aiki ne na kwanaki, abin da ya rage mana kawai shi ne mu samu tsayi daga taya. Mun fara gwada manyan tayoyi irin na motocin daji. Motar ta tashi tsaf, amma da aka juya sitiyari sai tayar gaba ta cije da jikin motar, ta ƙi motsi. Muka gwada wasu masu kyan gani, mai shagon ya ce na ƙananan motoci ne, ba za su ɗauki nauyinta ba. Daga ƙarshe muka tsaya kan matsakaita: a gaba marasa faɗi masu ɗan tsayi, a baya inda nauyi yake masu kaurin gefe, irin na motocin kaya. Tsakanin tayar baya da bakin ƙarfen da ke rufe ta, yatsuna biyu kawai ke shiga. Na tura yatsun, na kalli ƙanina, ya kawar da kai. Tayar ajiya ɗaya muka samu, kuma ta gaba ce.

Hanyar Mayahi ta karɓe mu da ƙwanƙwasa. Duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a haƙorina, kunnena kuma yana baya yana jiran ƙarar gogar roba. Kaka ce, dammunan gero a tsaye cikin gonaki, mata suna roron wake tun rana ba ta yi zafi ba. A wani shinge jandarma ya zagaya motar, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta, ya tambaya ko wani abu ne ya karye. Da aka ce masa da gangan aka yi ta haka, sai ya ɗaga mana igiya yana girgiza kai.

A Kanambakashe muka tsaya. Ranar kasuwa ce, an fara kafa rumfuna. Mun sha fura mai sanyi, matata ta sayi ƙosai wanda ba wanda ya iya cinyewa. Esansi, wato man fetur, na kwalba ya fi na Tasawa tsada, kuma mai sayarwar bai yarda da ciniki ba. Shi ne ya nuna mana inda za mu ratse, ya ƙara da cewa mu rage iskar tayoyi idan muna son wucewa gulbi.

Nan ne matsalar ta fito fili. In ba ka rage iska ba, taya ta nutse cikin rairayi. In ka rage, mota ta ƙara yin ƙasa, cikinta ya hau tudun da amalanke ke bari a tsakiyar hanya. Ƙanina ya rage kaɗan, ya ɗora ƙafa ɗaya bisa tudun, ɗayar a gefen hanya, muka bi ta cikin goriba a karkace. Sau da yawa na sauka ina share rairayi da hannu. Matata kuwa carbi kawai take ja.

Mun tarar da Gwaggo kwance kan tabarma a ɗakinta, fuskarta ta faɗa, leɓenta ya bushe. Da ta gan ni ta ce, "Kai ma ka taso? Wa ka bar ma shagon?" Maza suka ɗauko ta cikin bargo a hankali, aka kwantar da ita bisa gadon motar, aka tokare ƙafar da matasai. Ɗiyarta ta shiga, wadda za ta yi jinya. Sai ga kaya: buhun gero, wake, tukunya, tabarmi, har da turmi ƙarami. Ba a zuwa asibiti hannu sake, kuma ba wanda ya iya cewa a'a.

Ba mu yi nisa ba na ji abin da nake tsoro tun safe. Wata ƙara ce daga baya, kamar ana fiƙe wuƙa, sai warin roba ya cika motar. Muka tsaya. Nauyi ya danne bayan motar, bakin ƙarfen ya sauka kan tayar hagu yana yankar gefenta. Na shafa wurin, zafi, baƙin gari ya cika mini hannu. Idan ta fashe a nan, tayar ajiyarmu ba za ta ɗauki baya ba. Rana ta take, waya ba ta kamawa, Gwaggo kuma ta fara nishi.

Wani manomi ya zo wucewa da amalanken shanu, shi da matarsa. Kiristoci ne daga ƙauyen gaba, ya ce ya san Gwaggo, ita ta karɓi haihuwar ɗansu na fari. Bai jira mun roƙa ba ya ce, "Ku zubo kayan nan, ni kai muku su bakin titi." Muka sauke komai, ni ma na ce zan bi a ƙasa. Motar ta ɗan taso, amma da ƙanina ya danna bayanta da hannu, ƙarfen ya sake taɓa tayar.

Ƙanina ya tsaya yana kallon fentin da ya yi wata da watanni yana gogewa. Sannan ya hango taɓarya cikin amalanken, ya juya wajen matar manomin ya ce, "Inna, ara mini taɓaryar can." Ya cusa taɓaryar tsakanin taya da ƙarfe, ya ce mu tura motar gaba a hankali. Taɓarya tana birgima, ƙarfen yana lanƙwashewa ciki, fenti yana tsagewa yana zuba. Ya yi wa ɗaya gefen haka. Gumi ya jiƙe masa riga, bai ɗago ya kalli kowa ba. Da ya gama, hannuna gaba ɗaya ya shiga wurin.

Daga ciki Gwaggo ta ce, "Mi kuke daka nan waje?" Matata ta yi dariya, ta farko tun da muka fito.

Na bi motar a ƙasa har bakin titi, ina kallon tayar hagu kamar idona ne ke riƙe da ita. Can muka sa mata iska da famfon ƙafa, muka bar geron da turmin wajen manomin a kan za a aiko su da motar kasuwa. Ya ƙi karɓar komai, ya ce mu gaida likita. Daga nan tafiyar hawainiya muka yi, babura suna wuce mu, har jaki ya so ya gwada mu. Duk bayan ɗan lokaci ƙanina ya tsaya, in sauka in taɓa gefen tayar in ji ko yankan ya buɗe. Bai buɗe ba.

Ana kiran la'asar muka shiga Tasawa, kai tsaye asibiti. Da aka ɗauki Gwaggo aka shiga da ita, na zauna a kan dakali. An duba ta, an ce karayar za ta gyaru, amma da an ƙara kwana da abin ya yi wuya.

Yanzu ina gida, ita kuma tana samun sauƙi. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mun auna tayoyinmu a kan siminti, mota ba kowa a ciki, alhali aikinsu a rairayi yake da mutane da kaya. Wanda zai zaɓi taya ga motar da aka sauke, ya loda ta tukuna, ya juya sitiyari har ƙarshe, ya danna ta da ƙarfi, sannan ya nemi tayar ajiya da za ta yi ko'ina.

Shekaranjiya da muka je dubiya, Gwaggo ta riƙe hannun ƙanina ta ce in an sallame ta, shi zai maida ta gida, a kwance, cikin motarsa. Ya ce to. Muna fitowa bai bi ta gida ba, garaji ya nufa, ya ce wa masu gyara su ɗaga motar.