Gambar da Na Tuge a Iyakar Gonar Albasa

A inda muke ajiye injuna a Kura, masu fili suna gargaɗin juna a kaina. Wai kada a ɗauko ni, don idan aka ce in baje fili sai na tsaya tambayar ina ruwa zai bi. Ba su yi mini ƙarya ba. Ina tambaya, kuma ba zan daina ba. Wanda ba ya so, ga direbobin gireda nan da yawa, ya zaɓi wanda ba ya magana. Amma ba da wannan hali na tashi ba, kuma ba a makaranta na same shi ba, don karatuna bai wuce firamare ba. Sai da na kashe wa wani tsoho rabin gonarsa sannan na koya.

Wani Alhaji ne ya sayi fili a bakin titi, wajen Bunkure, zai kafa injin gyaran shinkafa da dandamalin shanya. Ni aka ba aikin baje filin. Filin yana kan ɗan tudu. A gangarensa akwai gonar wannan tsoho, mai noman albasa da rani, ita kaɗai ya mallaka. Bayan gonar kuma sai babbar magudana, wadda ke kwashe ragowar ruwan gonaki. Tsakanin filin Alhaji da gonar akwai wata doguwar kunya da gamba ta lulluɓe, ta taso daga titi, ta bi gefen gonar, ta lanƙwasa har bakin magudana. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san layin gamba iyaka ne. Da kaka a yanke ta a yi zana, a bar tushen. Ni ma na sani, ɗan manomi ne ni.

Alhaji ya ce kunyar ta shigo masa fili, shi kuma yana son katangarsa ta miƙe. Ya ce in share.

Na juyo da injin ke nan sai ga tsohon da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya a gaban wuƙar gireda.

"Direba, sauko mu gaisa," in ji shi.

Ban sauko ba. Wannan shi ne laifina na farko, kuma har yau shi ya fi cin raina. Daga sama na leƙo na ce, "Baba, matsa mana, mai nake ƙonawa."

Ya ce, "Gambar nan ubana ya dasa ta. Ba don zana kaɗai ba. Ita ke tare ruwan tudun nan, ta raka shi magudana."

"Baba, ciyawa ce fa. In zana kake so, Alhaji zai sayo maka kwano ka kewaye gidanka."

Leburori suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Kwano ba shi da saiwa." Sannan ya matsa gefe.

Kafin azahar na gama da abin da ya girme ni. Na kankare baƙar ƙasar sama na tura ta wani rami, tifa ta zubo marmara, na baje. Alhaji ba ya son ruwa ya kwanta masa a bakin ƙofa, don haka na karkatar da filin baya, wato wajen gonar tsohon. Ba kuskure ba ne. Hannuna ya san inda ya karkata.

Aka yi daɓen siminti, aka yi rufi. Da damina ta kankama, ruwan da a da ƙasa ke shan rabinsa, gamba ta kai sauran magudana, yanzu duk sai ya taru ya fita ta ƙofa ɗaya a gindin katanga. Ruwan farko ya ja layi a gonar kamar an ja da sanda. Kafin a yanke gero, layin ya zama kwazazzabon da mutum zai tsaya a ciki ba a ga hularsa ba. Rabin gonar ya tafi magudana.

Tsohon ya kai ƙara wajen dagaci, aka kira ni shaida. A nan na yi laifi na biyu. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni daidai na baje fili. Ruwa na Allah ne, inda ya ga dama yake bi." Alhaji ya gyaɗa kai. Dagaci ya ba tsohon haƙuri. Shi kuwa ko kallona bai yi ba, ya karkaɗe takalmansa ya tafi.

Duk ranin nan ta wannan titin nake wucewa. An saki ruwa a kanal, gonakin maƙwabta sun yi kore shar, shi kuma yana can a rabin da ya rage masa, yana gyara fangali, ga rami a gefensa da ba ya riƙe ko ɗigo. Na sauya hanya na kwana biyu. Bai hana ni gani ba.

Gab da wata daminar Alhaji ya sake nemana, na je da injin. Kwazazzabon ya fara cin baya, ya kusa gindin katangarsa. Ya ce in cike bakin da marmara, in toshe ƙofar ruwan, in karkatar da bayan filin ruwan ya fita can gaba.

Na ce, "Alhaji, can gaba ai sauran gonar tsohon nan ce."

"To kai lauyansa ne?"

"A'a. Ni ne dai wanda ya cinye masa rabin farko."

"Kai, direba, aiki na kira ka ko wa'azi?"

Na kashe injin na sauko. Ban iya gardama da baki ba, amma akwai abin da kowane manomin rani ya iya. Idan muna son sanin ko fangali ya daidaita, ba ma musu, ruwa muke sakar masa mu ga inda zai gudu. Na je ƙofar dagaci da ƙafata na roƙe shi ya zo. Na aro injin ban ruwa wajen wani mai tumatir, na ja tiyo daga kanal har kan dandamalin Alhaji. Masu aikin gona suka ajiye kayan aiki suka taru. Tsohon ma ya zo, ya tsaya nesa.

Aka tada injin ban ruwan. Ruwa ya zubo a tsakiyar daɓen, bai yi ko shawara ba, ya miƙe baya, ya fita ta gindin katanga, ya faɗa kwazazzabon.

Wani daga cikin manoman ya ce, "Lallai wannan ruwa ya san gida."

Na juya wajen dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, bara ƙarya na yi maka. Ruwa na Allah ne, amma hanyar ni na yi masa, ina sane. Yau kuma an ce in yi masa wata zuwa sauran gonar. Ba zan yi ba."

Alhaji ya ce zai kawo wani direban kafin la'asar. Na ce ya kawo, amma ga mutane sun gani, kuma duk inda aka tura ruwan a gangaren nan, ramin zai ci baya ya dawo masa katanga. Na ce abu ɗaya zan yi: in yanka lambatu a cikin filinsa, ba a gonar kowa ba, in raka ruwan a hankali har magudana, in mayar da kunyar inda na same ta. Dagaci ya ce shi ma abin da ya gani ke nan. Alhaji ya daɗe yana kallon katangarsa. Daga baya ya ce, "Yi abin da za ka yi. Daga yau ba ni ba kai." Ya cika alkawari, har ya ƙara da gaya wa abokansa.

Kwana huɗu na yi. Na yanka lambatun da ɗan gangare kaɗan, yadda ruwa zai yi tafiya ba gudu ba. Inda ya yi tsaye muka jera duwatsu da buhunan yashi. Na tono baƙar ƙasar da na binne bara, na ja kunyar daga titi zuwa magudana. A rana ta ƙarshe ina kan injin, sai ga tsohon da jaki ɗauke da tushen gamba da ya roƙo a gonakin mutane. Ya tsaya a gaban wuƙar, daidai yadda ya tsaya a wancan karon.

"Direba, sauko."

Na sauko da sauri har na kusa faɗuwa. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya miƙo mini fartanyarsa. "Dasa tukuna. Injinka ya iya tugewa, bai iya dasawa ba."

Muka dasa har rana ta yi sanyi, shi yana raba tushe, ni ina haƙa. Da na yi tazara da yawa sai ya ce, "Matso da su, ba rogo kake shukawa ba." Maganar yafiya bai tada ta ba, ni ma ban sake ba.

Rabin da na kashe bai dawo ba. Ramin yana nan, sai dai mun dasa masa gamba a ciki, tana tare laka kaɗan-kaɗan. Amma damina ta zo ta wuce, ruwa ya bi lambatu, sauran gonar ko taku ɗaya bai ragu ba. Da rani ya yi albasarsa.

Aiki ya ja baya a wurina tun daga lokacin, ba zan ɓoye ba. Wani sati injin ko motsi ba ya yi. Duk da haka, duk filin da aka kai ni, sai na sauko na zaga shi da ƙafa, na ga wanda ke gangare, na tambayi ina ruwa zai bi. Idan na tarar da layin gamba, wuƙata ba ta taɓa shi. Mai fili ya yi fushi in ya ga dama, ya kira ni mai taurin kai. Na riga na yi biyayya sau ɗaya, kuma ramin da ta haifa yana nan a bakin titin Bunkure, kowa na iya zuwa ya leƙa.