Fistin da Baba Ya Ƙi Ɗaurawa

Jiya a bakin kasuwa wani tsohon babur ya gifta ni yana fesa shuɗin hayaƙi, irin mai warin fetur da aka gauraya da baƙin mai. Kai da ka taso yanzu, hanci za ka toshe ka wuce. Ni kuwa tsayawa na yi da cefanena a hannu, domin warin nan zauren gidanmu na Tambuwal ya mayar da ni, shekarar da ciki ya zo wa Inna da laulayi har iyayenta suka ɗauke ta zuwa Kebbe.

Baba fataucin hatsi yake yi, amma zuciyarsa tana kan baburinsa. Irin na da ne, mai kukan zanzaro, kuma shi da kansa yake kwance shi ya ɗaure. Ya yi ta yi masa gyare-gyare har samarin Dogon Daji suka daina tayin tsere da shi. Mutum ne da bai iya zama ba. Ko tuwo a tsugune yake ci, gwiwa tana rawa. Kowa ya ce ni na gado shi.

Ana cikin yankan dawa saƙo ya zo: Inna ta sauka, namiji ne, amma ta sha wuya. Baba ya yi mini alkawarin zai ɗora ni a kan tanki mu je suna. A makon ne kuma injin ya yi nokin a hanyar Sanyinna, aka turo baburin gida. Mota zuwa Kebbe sai ranar kasuwa, ita kuwa ta riga ta wuce.

Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya baje kayan injin. Tsohon fistin, ƙarfen nan da ke bugawa a cikin inji, ya fito da zane-zane a gefensa kamar kaza ta yi tono. Ya sayo sabo wajen wani bakanike a tasha, ya wanke shi da fetur, ya shafe shi da mai, ya zura shi cikin bulo, wato ramin da yake kaiwa da komowa a ciki. Ya kamata ya sulale da kansa a hankali. Sai ya cije a tsakiya. Ya sa ringi, wato yankakken zoben da ke kewaye fistin, shi kaɗai cikin ramin, ya ɗaga wajen hasken ƙofa yana neman 'yar tazara tsakanin bakunansa biyu. Babu. Ya ja farce a bangon ramin, na ji ƙarar kartar daga inda nake zaune.

Ya tashi, ya zagaya tsakar gida, ya dawo. Ya sake tashi. Can ya ɗauki guntun icce ya ƙwanƙwasa fistin ɗin har ya shige, ya fara ɗaure noti da sauri. Na ruga na ƙulle kayana a ɗankwali, na dawo na tsaya a kansa. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai na ga sifana ta koma juyawa baya.

Kakata, mahaifiyarsa, ta leƙo daga cikin gida. "Mi kaka warwarewa kuma? Jibi fa suna."

"Iya, ƙarfe in ya ji wuta kumbura shika yi," in ji Baba. "In ya cije muna cikin gudu, ƙafar baya tsayawa za ta yi. Da ni ɗai na, da na tafi hakanan. Amma ba da ɗiyag ga bisa tanki ba."

Ban fahimci komai ba illa an hana ni Inna. Na yi birgima, na ƙi cin tuwo. Da asuba ya sa bulon a buhu ya shiga motar Sakkwato don a gyara ramin daidai da fistin. Wuni na yi ina safa da marwa tsakanin zaure da bakin titi, ƙaiƙayin dawa yana cin wuyana, duk motar da ta rage gudu sai in ruga in leƙa. Sai bayan magariba ya shigo.

Da safiyar suna ya sake gwadawa. Fistin ya sauka sannu kamar guga a hannun dattijo. Ya juya 'yar kibiyar da ke kan fistin ɗin ta fuskanci bututun salansa, ya daidaita ringi, ya ɗaure. Bugu ɗaya injin ya ɗauka.

Na zaci yanzu za mu tashi sama. Ashe sabon fistin ba ya son gudu sai ya saba da raminsa. Haka baburin da ya gagari samari ya kama hanyar Kebbe yana rarrafe. Mukan tsaya a gindin tsamiya injin ya huce. Har wani mai keke ya wuce mu yana yi mana sannu. Ina jin gwiwar Baba tana rawa a gefena, hannunsa yana son murɗa totur yana hana shi.

Bayan la'asar muka isa. An daɗe da raɗa suna, ragon ma yana kan wuta. Kawuna ya tare mu yana dariya: "Mai jirgi, sai yanzu?" Baba ya yi murmushi kawai. Ni kuwa na faɗa ɗaki. Inna tana jingine da bango, ta rame, kwanon kunun kanwa a gabanta. Ba ta rungume ni ba, ka san kunyar ɗan fari. Ta dai jawo kaina, ta shafa, ta ce, "Wa ya yi miki wanga mugun kitso?" Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta fara tsefewa.

Yanzu baburan sun zama masu shiru. In inji ya lalace, bulo da fistin a kwali guda ake sayowa a ɗaura, ba na ganin mai ɗaga ringi wajen haske. Tafiyar Kebbe ma ta zama ta ɗan lokaci, kuma har yau ni ce mai ce wa direba ya ƙara wuta. Sai dai Baba da Inna da kawu duk sun riga mu gidan gaskiya. Nakan isa da wuri, in tsaya a ƙofar gidan da jakata a hannu, ban san wa nake yi wa saurin ba.