Saliu Kafin-Magariba da Fitilun Motarsa

A tashar da muke hawa motar Auna a nan Kontagora, in ka ce Saliu kake nema za a tambaye ka wanne. In kuwa ka ce Kafin-Magariba, ko mai shayi zai nuna maka shi ba tare da ya ɗaga kai daga tukunyarsa ba. Gajeren mutum ne mai ɗan tumbi, hularsa kullum a karkace. Kakansa ne ya zo daga Ogbomosho da fataucin atamfa ya zauna, shi kam a nan aka yanke masa cibiya. Hausarsa ta fi tawa tsabta, Kambarci yana yin daidai na ciniki, Yarabanci kuwa ba ya tashi sai mota ta ɓata masa rai.

Ni sunana Lauratu, sarin gyaɗa da wake nake yi, kuma ina bin motar Saliu tun tana da fenti. 'Yar Kwatano ce doguwa, da tsufanta ta shigo ƙasar nan. Injinta ba laifi. Fitilunta ne ke da aljanu. Ana cikin tafiya sai su ɗauke ɗif, ba sallama. Sai Saliu ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari ya ɗirka wa wani ɗan akwati duka, in sun ga dama su dawo, in ba su ga dama ba a tsaya a jira su huce. Haggai, mai gyaran wayar mota a bayan tasha, ya canza ƙwan fitila, ya canza fiyus, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ya fara magana shi kaɗai. A ƙarshe ya ce ɗan akwatin nan ne, da ya ji zafi sai dalmar cikinsa ta saki, kuma irinsa babu a Kontagora, babu a Minna.

A tasharmu akwai wata ƙa'ida. Ranar kasuwar Auna akwai lodin ƙarshe, na waɗanda ba sa barin kasuwa sai rana ta yi ja, kuma duk wanda ya ɗauko shi duhu zai same shi a hanya. Ba direban da ke son sa, ballantana a wannan zamani, don haka bi da bi ake yi. Saliu kaɗai aka ɗauke wa saboda fitila. Ana idar da la'asar yake tayar da mota, ko lodi ya cika ko bai cika ba. Daga nan sunan ya samo asali. Mu fasinjojinsa mun zama masu ciniki a tsaitsaye.

"Lauratu, ki bar wa mai gyaɗar nan 'yar ribarsa ki taho, rana ba ta jiran kowa," haka yake ƙwala min kira daga bakin kasuwa.

Na sha zaginsa a raina, domin kowa ya san kaya ba sa yin araha sai yamma ta yi.

Yadda na gano gaskiyar lamarin kuwa, da dariya abin ya fara. Wata rana da almuru muna zaune a ƙofar gidansu ni da matarsa Ramotu, muna gyaran wake, sai ga shi ya dawo daga masallaci. Ya tsaya gaban wani buhun gawayi da aka jingina da bango, ya yi masa sallama, har da tambayar iyali. Na buɗe baki zan kwashe da dariya, Ramotu ta damƙe min cinya. Sai da ya shige ciki sannan ta sake ni.

"Dundumi ne," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Da rana ko zare kika ba shi zai zura miki a allura. Rana na faɗuwa, shi ke nan. In 'yan tasha suka ji, cire shi za su yi daga layi, wa zai yarda a ba makaho fasinja? To me zai yi? Tun yana saurayi sitiyari kawai ya sani. Ko 'yarmu Rahmat ba ta sani ba. Amana na ba ki, Lauratu."

Wato fitilar ce ta fara lalacewa da gaske, idon ya biyo baya, sai laifin mota ya rufe na maigida. Na riƙe amana, kuma daga ranar na daina ja masa rai a kasuwa.

Rahmat ita ce 'yarsu ta fari, tana aiki a wani shagon kwamfuta inda ake yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Taurin kan uwarta ta kwaso duka, ta ƙara da nata. Ita ce ta zo tasha wata safiya da waya a hannu tana haki, ta tarar da ubanta yana cin waina a kan benci.

"Baba, ashe ba motarka kaɗai ba ce. Kamfanin da ya ƙera ta ya amsa laifinsa tun tuni. Kiranye suka yi wa duk irinta, a kai musu su canza akwatin kyauta."

Ni dai a sanina 'yan majalisa ake yi wa kiranye, ranar na ji har mota ana yi wa. Saliu ya tsaya da loma a hannu.

"Kyauta? A ina?"

"Suna da wakili a Abuja."

"To, ki gaishe su," ya ce, ya ci gaba da cin wainarsa.

Ita kuwa ta ɗauki abin da gaske. Ta buga lambar wakilin, aka sa mata kiɗa har katinta ya ƙare. Ta sake sa kati, wata mai zaƙin murya ta ce sai an kawo lambar jikin mota. Aka duba, ashe wani mai walda ya toshe rabin lambar shekarun baya, sai da Haggai ya wuni a durƙushe yana gogewa kafin ta fito. Rahmat ta ɗauki hutu a wurin aiki ta tafi Abuja da kanta. Can aka ba ta ruwan sanyi da kujera mai laushi, sannan aka gaya mata cewa kiranyen na motocin da suka sayar da hannunsu ne, ita wannan ta Kwatano ba su san da zamanta ba. Ta ƙi tashi daga kujerar har sai da manaja ya gaji ya ce zai sa a aiko da akwatin.

Daga nan aka shiga "kaya suna kan ruwa". Damina ta sauka suna kan ruwa, aka cire gyaɗa suna kan ruwa. Duk ranar da Rahmat ta dawo da mummunan labari, Saliu sai ya biya wurin mai kifi ya sayo mata soyayye.

"Allah bai nufa ba, 'yata. Ci kifi."

Ramotu ta ce yarinyar har kumatu ta yi a wannan shekarar.

Da akwatin ya iso, tasha ta taru a kan Haggai. Ya juya shi ta nan, ya juya ta can, bakin wayar ya ƙi shiga. Na wata ƙirar aka aiko, ƙanwar tamu. Rahmat ta zauna a kan wata tsohuwar taya tana share hawaye, ubanta kuwa na gan shi da idona a bayan mota yana goge gilashi yana fito.

Ranar raina ya ɓaci da shi sosai. Na jira har aka watse na tare shi.

"Baban Rahmat, ba ka jin tausayin yarinyar nan? Kuɗin motarta, hutunta, duk a kan fitilar da kai ba ka so ta gyaru?"

Ya dube ni, ya gane na sani, bai ko tambayi wanda ya gaya min ba.

"Ina ji, Lauratu. Amma ba za su ba ta ba, na san halin mutanen nan. Za ta gaji ta bari, ni kuma in ci gaba da abincina."

Da rashin kirkin kamfani ya dogara, kuma in za a faɗi gaskiya ba wanda zai ce ya yi wauta. Abin da ya manta shi ne 'yar da ya haifa. Rahmat ta rabu da Abuja, ta nemo wani ɗan kawunta, Abdulƙudus, mai sayar da kayan mota a Legas. Shi ya tono mata akwatin daga jikin wata irin motar da aka riga aka yi wa gyaran tun a ƙasar waje kafin a farfasa ta. Haggai ya saka, ya shiga daram. Aka bar mota a kunne cikin ranar tsaka har bonet ya yi zafin da ba ya taɓuwa, fitilu ko ƙiftawa ba su yi ba. Direbobi suka yi ta tafi, ana ta sa wa Rahmat albarka.

Shugaban tasha ya dafa kafaɗar Saliu yana dariya. "To Kafin-Magariba, suna ya ƙare. Kasuwa mai zuwa lodin ƙarshe naka ne. 'Yan'uwanka sun daɗe suna ɗaukar maka."

Saliu ya ce, "Allah ya kai mu."

Ranar kasuwar, Rahmat ta ce sai ta bi shi ta ga aikin hannunta, ta zauna a gaba. Haggai ma ya biyo mu da ɗan jakar kayan aikinsa ko da wani abu zai taso. Ni kuma na tsaya wa lodin ƙarshe. Na ce wa mutane arahar gyaɗa nake jira, amma a zuciyata na ƙudura cewa in Saliu bai yi magana ba ni zan yi, amana ko ba amana, tunda rayukan mutane ne. Ya yi ta azalzalar mata su shiga, su kuwa yau sun samu sake, wannan ta manta manjanta, waccan tana jiran canji. Rana ta yi ja sosai kafin mu tashi.

Da farko gudu ya yi, irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba. Muna wuce Salka almuru ya rufa. Ya kunna fitila, hanya ta haske tar har da ciyawar gefe. Mata suka yi ta sambarka, Rahmat tana ta murmushi. Sai gudun ya fara raguwa. Saliu ya matso da fuskarsa dab da gilashi. Muka faɗa wani rami da duk direban hanyar ya san da zamansa, buhuna suka yi tsalle. Ban gama haɗa maganar da zan yi ba sai ga wata Bakambara a gefen titi da itace a kafaɗa, fitila ta haske ta sarai, mota kuwa ta nufe ta kai tsaye.

"Baba, mutum," in ji Rahmat.

Ya taka birki, muka hantsila gaba. Matar ta yi tsalle ta faɗa ciyawa, ta tashi ta kwashi itacenta tana faɗa da yarenta, ta wuce. Saliu ya gangara gefe ya tsaya, hannuwansa biyu a kan sitiyari. Rahmat ta dubi hanyar da ke gabanta fes, ta dubi ubanta, ta daɗe tana dubansa. Daga inda nake zaune na ga lokacin da ta gane.

Sai ta juyo gare mu ta ɗaga murya.

"Kun gani ko? Fitilar ce ta sake halinta. Ɗaukewa ta yi yanzun nan. Kayan Legas ɗin ma na banza ne."

Yarinyar da ta shekara tana fama a kan fitilar nan ce ke faɗin haka, ga hasken a gabanmu har ƙwari na yawo a cikinsa. Ni na fara amsa mata, na ce wallahi na ga ɗaukewarta. Wata tsohuwa mai daddawa ta ce ita ma ta gani. Kafin ka ce me, mota ta kaure da tsine wa kamfani, da wakilinsa, da Abdulƙudus da bai ji ba bai gani ba. Haggai ma, da ya fi kowa sanin aikinsa lafiya yake, ya sunkuyar da kai ya ce wataƙila waya ce bai ɗaure da kyau ba.

Saliu ya bari muka yi mai isarmu. Ya san mota cike take da 'yan kasuwa, duk abin da ya fito daga bakinsa kafin gari ya waye tasha ta ji.

"Ku ƙyale kamfanin nan ya huta," ya ce. "Fitila lafiyarta lau. Ni ne ba na gani. Na daɗe ba na gani in rana ta faɗi. Haggai, zo ka kai bayin Allah gida."

Ya buɗe ƙofa ya fita, yana lalube da hannu a jikin motar har ya zagayo baya. Muka matsa masa, ya zauna kusa da ni, gwiwoyinsa a jikin buhun gyaɗata. Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da kowa. Rahmat ba ta waiwayo ba, amma muna jin yadda take jan hanci. Haggai ya tayar da mota muka hau titi.

Mun yi 'yar tafiya kafin Saliu ya karkato wajena, a hankali yadda na gaba ba za su ji ba.

"Lauratu, tana haskawa sosai?"

"Sosai, Baban Rahmat. Har can nesa."

Ya gyaɗa kai. "Alhamdu lillahi. Yarinyar ta sha wahala a kanta."