Takin da na zuba a lambunmu na Gabukka

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne Zinatu, 'yata ta biyu, tana da shekara shida. Allah Ya sa mai ceto ce. Duk shekara in watan ya kama nakan yi sadaka in ja bakina. Bana na ce sai na rubuta, domin na gaji da abin da nake ɓoyewa.

Ni malamin firamare ne, amma lambu na gada. Muna da ɗan fili a gefen unguwar Gabukka, ni da ƙanena Sale, muna noman latas da karas da alayyafo da rani. A shekarar da abin ya faru, wani direban motar kwashe masai yana neman inda zai juye kayansa, ya ce in ina so ya zuba mini kyauta a bakin lambu. Har godiya na yi masa. Na bar abin ya sha rana wata guda. Ya bushe, warin ya tafi, ya koma baƙar ƙasa mai laushi, wadda in ka damƙa ba za ka ce daga salga ta fito ba. A wurinmu duk abin da rana ta busar ya tsarkaka. Haka na taso na ji, haka na yarda, ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane tsafta. Latas ya yi kyau a shekarar, har maƙwabta na zuwa kallo.

Zinatu 'yar lambu ce. Ana tashi daga makaranta sai ta biyo ni, ta yar da takalmi, ta zauna a kan kunya tana gina ɗakuna da ƙasar nan. In yunwa ta kama ta, ta tumɓuke karas, ta goge a riga, ta gartsa. Ni kuwa dariya nake yi, ina ce mata sarkin noma.

Daga baya ta fara ramewa, ciki ya yi gaba. Muka yi ta ba ta jiƙe-jiƙe. Wata safiya ta yi amai, macijin ciki ya fito ta bakinta yana motsi. Kafin mu kai ta asibiti tsutsotsin sun dunƙule sun toshe hanji. Aka yi mata aiki, ta kwana biyu, ta cika.

A zaman makoki mata suka yanke hukunci. Shan zaƙi ke kawo tsutsa, in ji su, ga shi matata Hauwa alawar madara take yi ta sayarwa, kuma ba ta taɓa hana Zinatu ba. Wata gwaggon Hauwa ta ce mata a gaban jama'a, "Ai an sha faɗa miki." Hauwa ta sunkuyar da kai ta karɓa. Tun ranar ba ta sake ɗora tukunyar alawa ba.

Bayan sadakar bakwai, Madam Rifkatu ta zo gaisuwa. 'Yar unguwar Herwagana ce, a ɗakin gwaje-gwaje na asibitin take aiki, kuma na koyar da 'ya'yanta. Ta ja ni gefe ta tambaye ni da me nake takin lambu. Da na faɗa mata, ta ce in kawo mata ƙasar a leda. Ta wanke, ta tace, ta ɗiga a gilashi, ta ce in leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta. Na ga wasu abubuwa zagayayyu, ruwan ƙasa, birjik. Ta ce, "Malam, ƙwan macijin ciki ne. Ɓawonsa kauri gare shi, rana ba ta kashe shi haka nan. Yana iya shekaru a ƙasa yana jiran baki. Alawa ba ta haifar da tsutsa."

Na sayi maganin tsutsa na raba wa kowa a gida, na ce rigakafi ne. Na bar wannan ɓangaren lambun, na ce ƙasar ta gaji. Hauwa kuwa ban gaya mata komai ba. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba. Na fi son in ga tana kuka da laifin da ba nata ba a kan ta dube ni ta san ni ne. Ina kwance kusa da ita tana istigfari a kan alawa, na yi kamar barci nake.

Yau garin ya faɗaɗa, gidaje sun yi yawa, masai ma haka, motocin na nan suna neman inda za su juye. Takin zamani ya fi ƙarfin talaka. A watan jiya na je lambu na tarar da baƙin tsibin irin takin nan a ɓangaren Sale, 'ya'yansa mata biyu ƙanana suna wasa a gindinsa ba takalmi. Da na yi magana ya ce, "Haba Yaya, ai ya bushe." Zinatu yarinya ce mai tambayar tsiya, ba ta barin magana a rabi. Da tana nan ta ga ƙannenta a wurin, na san sai ta tambaye ni me ya sa ban faɗa ba.

Ba yadda zan gaya wa Sale gaskiya ban fara gaya wa Hauwa ba. Na same ta da hantsi tana tsince shinkafa, na zauna na faɗa mata duka. Ta ture farantin gefe. Ta ce, "Tun yaushe ka sani?" Na ce tun ba a yi arba'in ba. Ta tashi ta ɗauki mayafi, ta tafi gidan Sale da ƙafarta, ta kai yaran aka ba su magani. Washegari Sale ya haƙa rami mai zurfi ya binne tsibin.

Abin da ya rage mana na Zinatu ba shi da yawa. Hoto ɗaya ne, sai yaran nan biyu da aka janye daga ƙasar saboda ita. Ina ganin wannan ba kaɗan ba ne ga mai shekara shida. Amma da Hauwa ta dawo ranar, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Taki kam ƙaddara ce, Malam, ba ka sani ba, na yafe. Shirun fa?"

Tana ajiye mini abinci kamar kullum, tana amsa gaisuwata. Ba ta sake tambaya ba, ni ma har yau ban samo abin da zan ce mata ba.