Hannun da Ya Hana Ni Ɗure

Warin ganyen bedi da maƙwabciyata ta dafa jiya ya tuno mini da kakata. Ita ke haɗa wa yaran ƙauyenmu Darini magani, amma ba ta taɓa ba yaro abin da ba ta san haɗinsa ba.

Ranar da zazzaɓi ya sa ɗana jijjiga, idanunsa suka juye, na ɗebo jiƙon kasuwa zan ɗura masa. Kaka ta damƙe mini hannu, yatsunta sanyi ƙalau.

"Ajiye, 'yar nan, shaƙewa zai yi. Kwantar da shi ta gefe. A nemo babur, sai asibitin Batsari."

Yau yaron ne ke noma gonarta. Allah ya sanyaya makwancinki, Kaka.