Mai Katifa da Tsumman Buhu

Duk wanda ya san Baba Mai Katifa ya san shi da magana ɗaya: wai a duniya babu mai ciwon rashin barci, sai dai mai muguwar shimfiɗa. Tun yana saurayi yake ɗinkin katifa, kuma in ya fara yabon hannunsa, to, nemi wurin zama. Ya ce ya taɓa yi wa wani mai gadi katifa, ba a rufa sati ba aka kori mutumin daga aiki. Ya ce akwai matar da ta zo taya katifa, ta ɗan kishingiɗa don ta gwada, sai da aka aika gida aka kira mijinta. Ko da gishiri a zancen, ni dai ba zan rantse ba, amma hannu kam Allah ya ba shi.

Sai katifar soso ta kamfani ta cika kasuwa, ido ya fara yi masa gardama wajen zura zare, ga tsohuwarsa, wato matarsa, kuma Allah ya yi mata rasuwa. Ɗansa, wanda direban babbar mota ne, ya zo ya kwashe shi ya mai da shi gidansa. Aka ba shi ɗaki mai fanka, aka shimfiɗa masa, don Allah ku ji, katifar soso. Baba ya danna ta da yatsa, ya yi tsaki, ya ce ko burodi ya fi wannan mutunci.

Matar ɗan nasa nas ce a asibiti, shi ya sa yake kiranta Likita. Mace ce mai kirki, sai dai tsafta kamar ta wanke ruwa kafin ta sha. Ba ta rage shi da komai ba, kuma nan ne matsalar take. In ya ɗauki tsintsiya, "Baba, ajiye." In ya taɓa bokiti, "Baba, ka huta." Ya huta har hutu ya ishe shi, ya koma ganin kansa kamar tsohuwar kujera da ake kewayewa ana shara. Abu ɗaya ne suke ja-in-ja a kansa, wani tsohon matashi da ya zo da shi, ya lafe kamar faifai, rigarsa ta yi duhu. Kullum sai ta ce, "Baba, kawo in wanke, ko in sayo maka sabo." Kullum sai ya ce a bar shi. Bai taɓa faɗa mata ba cewa shi ne ɗinkin farko da ya yi wa tsohuwarsa, kuma har yau in ya kifa fuska yana jin ƙamshin man kitsonta. Wannan ba maganar da suruki zai yi da matar ɗansa ba ce.

Ana nan, sai ɓarayi suka haura katanga da rana tsaka suka ɗauke tukunyar gas da shanyar da ke kan igiya, Baba yana ɗaki yana hutun nan da aka ɗora masa. Direba ya ce a'a, gidan nan yana bukatar kare. Ya je garejin wani bakanike abokinsa, wanda karyarsa ta haihu, ya dawo da ɗan kwikwiyo a kwalin taliya. Ja ne, cikinsa tim, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Aka ajiye shi a sito na bayan gida. Direba ya ta da mota ya yi tafiyarsa, ya bar su da mai gadin da bai kai takalmi girma ba.

Kai jama'a, ashe ƙaramin abu ma yana da maƙogwaro! Kwikwiyon nan ya buɗe baki da kuka, ba dare ba rana. An ba shi madara ya sha, ya lashe baki, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Baba ya raɗa masa suna Manaja, saboda komai aka yi masa bai gamsu ba.

To, Likita a watan nan aikin dare take yi, da rana take rama barci. Ta jure, ta jure, har idanunta suka yi ja. Ranar nan ta fito ɗaure da kai ta ce, "Baba, jiya saura kaɗan in ba mai ciwon ido maganin tari. In ɗanka ya dawo ƙarshen satin nan abin nan bai yi shiru ba, wallahi a kwalinsa zai koma."

Baba kuwa ya riga ya saba da ɗan banzan. Shi kaɗai ne a gidan yake murna in ya ga Baba ya ɗauko kwano, bai taɓa ce masa ajiye ba. Ya gyara murya ya ce, "Likita, barci ne ba ya yi, ko? To, ai an zo gidan sauƙi. Bar ni da shi."

Abin nema ya samu. Baba ya jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, ya fito da bakan shiɓa da basilla da almakashi, ya aika aka sayo auduga sabuwa fil da yadi mai ratsi. Ya gwada tsawon Manaja da taku na hannu, Manaja yana cizon hannun. Ya shiɓe audugar nan har ta tashi kamar kumfa, ya ɗura, ya ɗinke, ya bi ta da maɓallai a jere. Ya shimfiɗa a sito, ya ja baya ya harɗe hannu.

Manaja ya zo ya shinshina, ya kewaya ta sau biyu, ya hau tsakiya, ya tsuguna ya yi abin da ya yi. Sannan ya sauka ya kwanta a kan siminti ya ci gaba da kuka.

"Ba laifinsa ba ne," in ji Baba, yana wanke hannu da sabulu. "Ta yi masa laushi da yawa. Akwai masu son tauri."

Ya yi mai tauri, har da ɗan matashi. Kafin azahar Manaja ya farke matashin, sito ya cika da auduga, ta manne masa a hanci yana ta atishawa. Tela maƙwabcinsu ya leƙo ta katanga ya ce shi ya ji ana sa musu agogo a shimfiɗa, wai suna ɗauka bugun zuciyar uwarsu ne. Baba ya ɗauko agogon tebur na ɗansa ya cusa a ƙarƙashin katifa. Kuma abin ya so ya yi aiki, don Manaja ya yi lamo, ido ya fara lumshewa. Ashe direba ya bar ƙararrawar a saite. Da ta ɓarke, Manaja ya yi sama, Baba ya yi baya ya zauna a kwanon madara, Likita kuma ta fito a guje babu ɗankwali tana tambayar wane gado ne, ta ɗauka a asibiti take.

 Ta dai dubi kwalin taliyar da ke jingine a bakin sito, ta koma ɗaki. Baba ya gane.

Washegari da hantsi ya sa hula ya nufi garejin bakanike, da niyyar kai ƙara, don a ganinsa kayan da aka ba su tun asali mai matsala ne. Ya tarar da bakanike a ƙarƙashin mota, ƙafafu kawai ake gani.

"Kai yaro, karen da ka ba ɗana ba ya barci."

"Ikon Allah! Baba, ai duk cikinsu shi ne sarkin barci. Leƙa can ka ga 'yan'uwansa."

Baba ya leƙa ƙarƙashin wata matacciyar mota da ba ta da taya. Ga karyar a miƙe, ga 'ya'yan sun hau kan juna suna sharar barci, ana ta buga ƙarfe a kansu ko gezau. Kuma a kan me suke kwance? Wani tsumman buhu ne, baƙi ƙirin da bakin mai, gashi duk ya manne, warinsa kuwa sai ka riƙe numfashi. Baba ya daɗe a tsugune. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana gaya wa mutane su yar da tsohuwar shimfiɗa su sayi sabuwa, yau ga abin da ya kayar da shi.

"Yanko min rabi," ya ce, bai ɗaga kai ba. "Kuma in ka faɗa wa wani, ban yafe ba."

Haka Baba Mai Katifa ya ratsa unguwa da tsumman buhu a leda, yana riƙe da shi nesa da jiki, ƙudaje suna yi masa rakiya. Yana jefa shi a kwanar sito, Manaja ya daina kuka cak. Ya zo da gudu ya tura hanci, ya yi wani ɗan ƙaramin sauti, ya murɗe jikinsa a kai, ya yi ajiyar zuciya. Kafin Baba ya miƙe, har ya fara minshari. Ranar gidan ya yi tsit, Likita ta yi barci har la'asar. Baba ya rasa murna zai yi ko haushi zai ji, sai ya yi duka biyun.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Washegari da safe Likita ta dawo daga aiki da ƙarfinta, tunda ta samu barci, kuma in ta samu ƙarfi wanki take yi. Ta bi wari har sito, ta ɗaga buhun da tsinken tsintsiya, ta tsoma shi a ruwan zafi da omo da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta dirje shi har ya nuna asalin launinsa. Kukan Manaja ne ya fito da Baba daga wanka. Ya tarar da buhun a kan igiya yana ɗiga, yana ƙamshin asibiti, Manaja a ƙasa yana kallonsa yana kuka kamar ransa zai fita.

"Baba, ka ga na gyara masa shi," in ji Likita da fara'arta. "Ai dattin nan sai ya sa mana cuta."

Tunda Baba ya zo gidan nan bai taɓa ɗaga mata murya ba, sai ranar.

"Haba Likita! Wa ya aike ki? Shi ba datti yake kwanciya a kai ba, warin uwarsa ne! An raba shi da ita, an kawo shi gidan da bai san kowa ba, an ba shi sabon komai. Abin da ya rage masa ke nan, kin wanke."

Yana gama faɗa, sai ya ji kunya. Likita ta tsaya da kumfa a hannu. Sai ya ga idonta ya sauka kan tulin wankin da ke gefen baho, shi ma ya duba. Can a sama, ga matashinsa. Ta ɗauko shi yana wanka, da niyyar ta ba shi mamaki. Ruwa bai taɓa shi ba tukuna.

Ba ta tambaye shi komai ba. Ta ɗauraye hannunta, ta goge a zani sosai har ya bushe, sannan ta ɗauki matashin da hannu biyu ta kai masa ɗaki ta ajiye inda yake. Da ta fito idonta ya yi ja, ba na rashin barci ba.

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce. "A ina garejin yake?"

Har yau bakanike yana ba da labarin ranar da nas ta zo da farin takalminta ta durƙusa a ƙarƙashin matacciyar motar nan tana lallashin karya ta ɗaga mata rabin buhu. Da ta dawo, ita da kanta ta miƙa wa Baba ta ce, "Ga shi, amma don Allah kar ya zauna a siminti, sanyi zai kama shi. Aikinka ne wannan." Baba ya ɗauko katifa mai taurin nan, ya shimfiɗa buhun a kai, ya kama gefe-gefe da basilla yadda ba zai zame ba. Manaja ya hau ya kwanta. Tun daga ranar Baba yake gaya wa tela cewa karen nan a kan katifarsa yake barci, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Da direba ya dawo ƙarshen sati, ya tarar da ƙofar gida a buɗe da rana tsaka. Ya yi sallama, shiru. Matarsa tana barci a ɗaki. Mai gadin da ya kawo yana sito ya yi ɗai-ɗai, ƙafafu a sama. Kwalin taliya kuwa an zuba gawayi a ciki. Ya leƙa ɗakin mahaifinsa yana shirin faɗa, sai ya gan shi a kan katifar soson da yake zagi, basilla a gefe, zare a wuya, ya kifa fuska a tsohon matashin mahaifiyarsa yana barci. Direba ya ja ƙofar a hankali, ya je ya rufe gidan da kansa.