Addu'ar da Kawu Idi ya yi wa kansila

Shekara ashirin ke nan da rasuwar Kawu Idi, yayan mahaifiyata, kuma duk lokacin da aka fara liƙa hotunan 'yan takara a bangon masallatan Zongo sai ya faɗo mini a rai. Mahauci ne. Amma abin da aka fi saninsa da shi a unguwa addu'a ce: ba a rufe taron suna ko ɗaurin aure sai ya ɗaga hannu, ga murya kamar lasifika.

Yaran yanzu ba su san zamanin jam'iyya ɗaya ba. Mutum guda ake kawo mana, mu yi layi mu jefa masa ƙuri'a, mu tafa. Sai wata shekara aka ce a zaɓen kansiloli za a bar 'yan jam'iyyar su kara da juna. Namu kansilan, Musye Karimu, haifaffen Zongo ne, amma Faransanci ya cinye masa rabin Hausa. Tun da aka tashe mu daga tsohon Zongo yake mana alkawarin famfo, matanmu kuwa suna ta jido daga nesa. Kowa ya ƙoshi da shi, ba mai bakin faɗa.

Ya tara mu a ƙofar masallaci, ya yi ta zuba, sannan ya juya ya ce, "Kawu, a sa mana albarka."

Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, ka yi mana wahala, ka gaji. Allah ya hutar da kai."

Ban taɓa jin amin irin ta ranar ba, har tsofaffin da ba sa ji sosai sun amsa. Musye Karimu ya shafa fuska yana murmushi yana cewa, "Mersi, Kawu, mersi." Shi a zatonsa fatan alheri aka yi masa. Sai da ya sha ƙasa a zaɓen wani ɗan gulma ya fassara masa.

Mun yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Mutumin ya rasa kujera, bai rasa abokai a sama ba. Aka zo da mota aka ɗauki Kawu daga teburin nama, da jini a rigarsa. Da ya dawo bai taɓa gaya mana abin da aka yi masa ba. Wanda muka zaɓa ma bai kawo famfon ba, wannan ne ya fi ci mini rai.

Yau samari suna zagin masu mulki a waya, 'yan zemijan, wato 'yan acaba, suna yi a kan babur, ba mai rage murya. Ranar zaɓe kuma rabinsu ba sa fita, wai an riga an gama. Ina tambayar kaina me Kawu zai ce musu. Anya ba zai ce sun fi shi gaskiya ba? Wannan tunanin yana tsorata ni.

Abin da ya bar mana shi ne mun taɓa gani da idonmu an sauke wanda muka gaji da shi. Abin da ya biya kuwa, ni na gani. Bayan dawowarsa, ranar sunan 'yata ta fari aka ce, "Kawu, bismillah." Ya dubi ƙofa, ya dubi baƙin fuskokin da ke cikin taron, ya ɗaga hannu. Leɓɓansa suna motsi, ba wanda ya ji ko kalma ɗaya. Muka ce amin.